Yoyon Baƙin Mai: A Sayi Sabon Gaskit Ko A Mayar Da Tsoho?

Duk mai motar da ke jigilar kaya tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Matamaye da Daura, ya san baƙin tabon nan da mota ke bari a ƙasa inda ta kwana. Da yawa ba su ɗauke shi bakin komai ba, sai su ce ai tsohuwar mota ba ta rasa yoyo. To amma ran da aka kai ta gareji aka kwance kaskon da ke ƙarƙashin inji, tambaya guda ce ke tasowa tsakanin mai mota da makaniki: a sayo sabon gaskit ne, ko a goge tsohon a shafa masa gam a mayar? Kuɗin da ake ja-in-ja a kansu ba su taka kara sun karya ba, amma amsar da aka ba wannan tambaya ita ce wani lokaci ke raba motar da ta isa kasuwa da wadda ta kwana a daji da buhunan albasa a kanta.

Amsar a taƙaice ita ce, mafi yawan gaskit sau ɗaya suke aiki, kuma da zarar an kwance su sun gama nasu. Iri guda ne kawai ake iya mayarwa, shi ma bisa sharaɗi. Akwai kuma injunan da tun daga kamfani ba su zo da gaskit a wannan wuri ba sam. Sanin wane iri ke cikin motarka shi ne zai hana ka asara.

Kaskon mai da abin da ke rufe bakinsa

A can ƙasan kowane inji akwai wani kasko na ƙarfe ko na alminiyom inda baƙin mai ke taruwa. Makanikanmu na wannan ɓangare suna ce masa karter, na tsallaken iyaka kuma su ce batam filet ko sam. A ƙaramar mota yakan ɗauki lita 3 da rabi zuwa 4. Daga cikinsa famfon mai ke zuƙo man ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi cikin jijiyoyin inji, ya jiƙa karanshaf da metal da sauran sassan da ke gogayya, sannan man ya gangaro ya dawo kaskon.

Tsakanin bakin kaskon da gangar jikin inji ake shimfiɗa gaskit, wanda a wajenmu aka fi sani da juwan. Wanda zai saya a kantin da ake rubutu da Faransanci, joint de carter zai gani a jikin leda. Aikinsa shi ne cike ƴan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Abin lura a nan shi ne man da ke cikin kasko ba ya cikin matsin famfo, kwance yake kawai yana fantsama. Saboda haka gaskit ba ya buƙatar ɗauri na ƙarfi. Abin da yake buƙata shi ne taushi da ɗauri daidai wa daida a kowane noti.

Iri-iri ne, hukuncinsu ma daban

Na farko shi ne na ɓawon itace, irin wanda ake yin murfin kwalba da shi. Ana samun wannan ɓawo daga wani itace da ya fi yawa a Fotugal da Sifen, a niƙa shi a haɗa da roba. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da 504, waɗanda suka daɗe suna cin kasuwannin iyaka tun bayan da aka buɗe kamfanin haɗa su a Kaduna a 1975, da gaskit mai laushi irin na ɓawo ko na kwali ake ɗaure kaskonsu. Idan aka matse irin wannan gaskit yakan lotse ya ɗauki siffar wurin da ya kwanta, zafin inji ya gasa shi a haka. Man da ke ratsa shi yakan kai zafin digiri 100, ga kuma zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a inuwa. Bayan shekara biyu ko uku sai ka tarar ya bushe kamar ƙanzo. In aka ɓamɓare shi, ba ya sake kumbura ya cike wuri, ko da a ido bai yage ba.

Na biyu shi ne na kwali, wato takarda mai kauri da aka matse. Hukuncinsa ɗaya da na ɓawo, ya ma fi saurin yagewa, domin rabinsa kan manne a jikin inji, rabi a jikin kasko.

Na uku na roba zalla ne. Sabonsa na lanƙwasuwa kamar igiya, in ka danna shi da farce ya dawo. Yau da gobe, zafi da mai kan mayar da shi tauri, wani ma in ka lanƙwasa sai ya karye kamar busasshen kara.

Na huɗu shi ne wanda ke da siririn ƙarfe ko alminiyom a tsakiya, aka zuba masa roba a gefe, kuma a kowane rami na noti akwai ɗan zobe da ke hana a matse shi fiye da ƙima. Shi kaɗai ne ake iya mayarwa. Sharaɗin shi ne robar tana nan da taushinta, ba ta tsage ba, ba ta ɓalle daga ƙarfen ba, tudun da ke bin tsawonta bai baje ba, ƙarfen bai lanƙwashe ba, kuma dama ba yoyo ne ya sa aka kwance shi ba. Gaskit ɗin da ya riga ya yi yoyo ya ba da shaida a kan kansa, babu dalilin sake gwada shi.

Sai kuma injunan da ba su da gaskit. Yawancin injunan Toyota da ke cikin Corolla, kamar 4A-FE da 1ZZ-FE, da wani baƙin gam na musamman kamfani ya rufe bakin kaskonsu. Haka ma Volkswagen: Golf 3 na da gaskit, amma a Golf 4 gam ne. Idan makaniki ya ce maka motarka ba ta da juwan, yana iya zama gaskiya ya faɗa. A irin wannan inji sai an kankare tsohon gam tas a zuba sabo duk lokacin da aka kwance. Cusa masa gaskit ɗin ɓawo da wasu ke yi don gudun wahalar kankara kan jawo yoyo, saboda bakin kaskon ba a ƙera shi don ya riƙe gaskit ba.

Kafin a kwance, a tabbatar da mai laifi

Mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Ke nan duk inda ya ɓulla a jikin inji, ƙarshenta a bakin kasko zai taru ya ɗiga, sai a ɗora wa gaskit laifin da ba nasa ba. Ana yawan kashe kuɗi a sake gaskit, washegari a tarar da tabon nan a inda yake.

Wuraren da ya kamata a fara dubawa su ne murfin saman inji, da bakin filtar mai, da ɗan makunnin nan da ke kunna jar fitilar mai, da sil ɗin gaban karanshaf bayan fuli, da sil ɗin baya wanda mansa ke fitowa ta mahaɗar inji da giya. Kada a manta da notin juye. A ƙarƙashinsa akwai ɗan zobe na jan ƙarfe ko alminiyom da ya kamata a sake a kowane bidanji, amma sai ka ga guda ɗaya ya shekara biyar ana matse shi.

Hanyar ganewa ba ta da tsada. A wanke ƙasan inji da gefensa, a bari ya bushe, a barbaɗa hoda ko garin alli a wuraren da ake zargi, a tayar da mota ta yi minti 15, sannan a haska da tocila. Wuri mafi tsawo da aka ga hodar ta jiƙe, daga nan yoyon ya taso.

Akwai wani dalili kuma da ake mantawa. Injin da zobban fistin ɗinsa suka ci yana tura hayaƙi ƙasa cikin ɗakin mai, kuma kamfani ya yi wa hayaƙin bututun shaƙa da zai fita. In ƙura da dattin mai suka toshe bututun, iskar sai ta nemi hanya ta gaskit da sil. Motar da ke cikin wannan hali, ko sau goma aka sake mata gaskit sai ta sake yoyo, har sai an buɗe mashaƙar.

Gam: kaɗan magani, da yawa guba

Babban haɗarin mayar da tsohon gaskit yana cikin gam ɗin da ake lafta masa don a rufe aibinsa. In aka ɗaure noti, gam ɗin da ya yi yawa kan tsartu gida biyu. Wanda ya fito waje kowa na ganinsa, wanda ya shiga ciki kuwa ba mai gani. Shi ne ke bushewa, ya gutsuttsure kamar taliya, ya faɗa cikin mai, famfo ya zuƙo shi ya manne a rariya. Rariya na toshewa mai ya ragu a jijiyoyin inji, metal ya fara cin karanshaf, sai ka ji inji ya buga alhali sandar awo na nuna mai a cike. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Kamfanonin da ke amfani da gam su ma sun iyakance shi. Littafin gyaran Golf 4 ya ce kaurin layin gam kada ya wuce milimita 2 zuwa 3, wato kaurin tsinken ashana, kuma dalilin da ya bayar shi ne wannan toshewar rariya. Ya ce a haɗa kaskon cikin minti 5 da zuba gam, a jira kamar minti 30 kafin a zuba mai. Toyota kuma ta ce a bar injin aƙalla awa 2 kafin a tayar da shi. Mai motar da ya tsaya a kan makaniki yana cewa a yi sauri kasuwa za ta watse, shi da kansa ke ɓata aikin.

Sabon gaskit na roba a bushe ake sa shi. Ɗigon gam kaɗan kawai ake sawa a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu, kamar inda murfin gaba ya sadu da gangar inji. Sannan ba kowane gam ne na inji ba. Farin nan da ake liƙa gilashi da kayan banɗaki da shi, mai warin tsami, ba ya jure zafi da mai, kuma tururinsa na iya lalata na'urar auna iska da ke jikin salansar motocin zamani. A nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na inji ne.

Abin da mai mota zai sa wa ido a gareji

Ba sai ka iya riƙe sifana ba kafin ka gane aiki mai kyau. Da farko motar ta hau rami ko a tokare ta da kafafun ƙarfe, kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita. A juye man a mazubi mai tsabta. In kasko ya manne, da siririn ƙarfe mai faɗi ake raba shi a hankali. Cusa sukundireba ana ɓanɓara na lanƙwasa bakin kasko, ya kuma yi wa alminiyom rauni.

Da an sauke shi, ka leƙa ciki da idonka. In ka ga ƴan ɓurɓushin ƙarfe masu ƙyalli a gindin kaskon, metal ya fara ci, gara a duba shi tun kaskon na ƙasa. A wanke rariya. A duba ko gindin kaskon ya loɓa, domin motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima takan sunkuya, in ta bar kwalta ta bi hanyar burji sai kaskon ya riƙa dukan dutse da tudun tsakiyar hanya. Tsakanin rariya da gindin kasko tazarar ba ta da yawa, loɓawa kaɗan na iya rage man da famfo ke samu.

Sai a kankare fuskokin biyu har ƙarfe ya fito fes, a goge da tsumma mai tsabta, kada ɗigon mai ya rage. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a bakin kaskon a gani ko ya daidaita. Kaskon ƙarfe da aka saba matsewa da ƙarfi, ramukan notinsa kan taso kamar ƙuraje, sai an kwantar da su da ƙaramar guduma a kan katako, in ba haka ba su ne za su yanke sabon gaskit.

Wajen ɗauri, a fara sa dukkan notoci da hannu, sannan a bi su daga tsakiya zuwa gefe, wannan ɓangare sai wancan, zagaye biyu ko uku. Ƙarfin da ake nema kaɗan ne ƙwarai. A injin 1ZZ-FE niyuton-mita 9 ne, a Golf 4 kuma 15. Don a gane, niyuton-mita 10 daidai yake da a rataya nauyin kilo 5 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20. Yaron da ya tattara ƙarfinsa duka ya ja noti ya ninka haka sau da yawa, sakamakon kuwa gaskit ya tsartu gefe ko noti ya karye a cikin inji. Mutane kan ɗauka in an ga yoyo sai a ƙara matsewa, alhali matsewar ce sau da yawa ta haifar da shi.

Bayan an zuba mai, a tayar da mota, a ga jar fitila ta mutu cikin ƴan daƙiƙu, a bar injin ya yi zafi, a sake leƙawa. Man da aka juye kuma kada a zubar da shi a ƙasa ko cikin kwata, don yana bin ruwa ya gurɓata rijiya.

Lissafi irin na ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa araha ba ta ado. A wannan aiki gaskit shi ne mafi ƙarancin kuɗi, sau da yawa bai kai kuɗin galan guda na mai ba. Abin da ke da tsada shi ne ladan makaniki, musamman a motar da sai an kwance salansa ko an ɗaga inji kafin kasko ya fito, da man da za a zuba, da yinin da mota za ta yi ba ta aiki. In tsohon gaskit ya sake yoyo, duk waɗannan sai an biya su karo na biyu, sannan a sayi sabon da aka guda tun farko.

Shi kansa ɗigon ba abin rainawa ba ne. Ɗigo 20 kan yi kimanin mililita 1. A ce mota na ɗigo ɗaya duk daƙiƙa 5 in tana tafiya: ɗigo 12 ke nan a minti, 720 a awa, wato mililita 36. A yinin aiki na awa 8 ta zubar da kusan mililita 290, kafin kwana 4 ta wuce lita guda. A yawancin ƙananan motoci kuwa, tazarar da ke tsakanin zanen sama da na ƙasa a sandar awo kusan lita guda ce. Ke nan motar da aka cika wa mai ranar Litinin ta kasuwar Maraɗi, kafin ta Juma'a ta zagayo man ya sauka ƙasa da zane. Wanda ya ce zai riƙa ƙari, to ya lissafa kuɗin lita bakwai ko takwas a wata, ya kwatanta da kuɗin gaskit. Wanda ya manta ƙari rana guda kuwa, sai dai ya shiga cinikin inji ɗan Beljiyam, ko a sefa ko a naira, ga kayan gwari na ruɓewa a bakin hanya.

Wajen saye da kuma in an makale a hanya

In za a sayo gaskit, ko a Maraɗi ne ko Damagaram ko Ƙofar Ruwa ta Kano, sunan mota kaɗai bai isa ba. Motocin da suka shigo ta Kwatano da Lome da yawa an sake musu inji, sai ka ga jiki na wata shekara, inji na wata. A duba lambar da aka buga a jikin injin, a kuma tafi da tsohon gaskit a ɗora a kan sabo a ƙirga ramuka. A guji wanda aka ninke ko aka rataya a ƙusa rana na dukansa, domin na ɓawo kan bushe ya tsuke tun yana kanti. In ka lanƙwasa shi kaɗan ka ga yana tsagewa, ajiye musu kayansu. Mai bin hanya kullum ya kamata ya ajiye guda a mota, a shimfiɗe tsakanin kwali biyu, tare da lita ɗaya ko biyu ta mai.

Lalura na iya sa a mayar da tsoho, misali dutse ya fasa kasko a ƙauyen da babu mai sayar da kayan mota, aka yi walda aka rasa sabon gaskit. A nan sai a wanke tsohon, a shafa masa gam siriri kamar yadda ake shafa man shanu, a ɗaure a hankali, a riƙa tsayawa ana duba sandar awo har a isa gari, a can kuma a sake shi ba tare da jinkiri ba. Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a gangara gefe a kashe inji nan take. Wannan fitila ba ta kamawa sai matsin mai ya faɗi ƙwarai, kuma injin da ke gudu babu mai ƴan mintuna kaɗan suka ishe shi ya buga. Cewa bari in lallaɓa in kai shingen duwan na gaba ya cinye injuna masu yawa.

Saboda haka, Alhaji, ran da makaniki ya sauke kaskon motarka ya ɗago maka tsohon juwan yana cewa ai da sauransa, ka karɓa ka duba da kanka. In na ɓawo ne ko na kwali ko robar da ta yi tauri, ka aiki yaro kasuwa ya sayo sabo. In mai ƙarfe ne a tsakiya, robarsa da taushi, kuma bai taɓa yoyo ba, a goge a mayar. In injin na gam ne, a kankare tas, a zuba siriri, ka nemi inuwa ka zauna har ya kama. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.